Damin da Laminu Ya Rataye

Sa'adatu ta iso garin iyayenta da hantsi a bayan amalanken wani mai itace, tana rungume da tsohuwar ƙwaryar nan mai ɗinki a baki. Bazara ta kai inda ta kai, gajimare ya fara taruwa a gabas yana watsewa, kowa ya fito da sungumi yana gyara ƙota. Lokacin karɓar iri ya yi. Tun da aka kai ta aure ƙauyen El Allasan Mai Rairai haka take yi kowace shekara. Ta zo gidan ƙanenta Laminu, ya hau rumbu ya sauko da damin iri, ya zare mata rabonta, su yi faɗa a kan ya rage mata, ta koma.

Bana babu Laminu. Da kaka ya tafi, mutumin da bai cika hamsin ba, wanda ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi. Ana tsakiyar yankan hatsi ya ce wa masu taya shi ƙeyarsa na sara, bari ya ɗan zauna. Ya jingina da itacen gawon da ke gefen gona, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da aka kawo fura aka kira shi bai amsa ba. Wani ma'aikacin likita na garin Gidan Amumune ya ce tansiyo ne, wato hawan jini. Sa'adatu ta ce ita ba ta san wani tansiyo ba, abin da ta sani ita ta goya yaron nan a bayanta, kuma ita ya kamata ta riga shi. Ba ta yi kuka ba ranar, ba ta yi a sadakar uku ba, ba ta yi a ta arba'in ba, har mata suka yi ta maganar taurin ranta. Ta ji su. Ta ce kowa ya ji da idonsa.

Rahina matar marigayin ta fita takaba, amma har yanzu ba ta komo jikinta ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaida Yaya. Sa'adatu ta tambayi Rayyanu, babban ɗan Laminu, aka ce yana tasha da moto, wato babur, kabu-kabu yake yi tsakanin garin da Gidan Amumune. Aka aika ya zo, da ƙurar hanya har gira.

"Gwaggo, sannu da hanya."

"Hanya ta bi ta kanta. Hau rumbu ka sauko mini da damin iri."

Ya jingina tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga. Sa'adatu ta zauna nesa kaɗan tana duban ƙasa, don mace ba ta leƙa rumbun namiji, ko na mijinta ko na ƙanenta. Can ya leƙo da dami a hannu.

"Ba wannan ba. Wanda ke rataye sama, a tsakiyar jinka. An ɗaure shi da kaba, ƙulli biyu, zangarkun duk da jan gemu."

Rayyanu ya mayar da damin da ke hannunsa. Sa'an nan ya sauko a hankali, hannu wofi, ya tsugunna a gindin tsani.

"Gwaggo, wanga dami ai shi anka yi sadakar arba'in da shi."

"Anka yi mi?"

"Gumbar da anka raba. Ni na sauko da shi."

Sa'adatu ta dube shi, ta dubi Rahina, ta dubi ƙwaryar da ke cinyarta. Ta tuna gumbar. Ta ci dunƙule guda a wannan tsakar gidan, ta ma ce wa matan da suka daka hannunsu da albarka, ta daɗe ba ta ci gumba mai garɗi haka ba. Ashe irin uwarta take taunawa.

Hatsin nan ba kamar na kowa ba ne. Uwarsu Lalla ce ta zo da shi daga garin Kona a bakin zane, shekarar da yunwa ta kore su, zangarniya biyu tak, ta ƙi dakawa ko da Sa'adatu na kuka da cikin wofi. Gajere ne, yana da jan gashi mai kaifi da tsuntsu ba ya son sauka kansa, kuma yana nuna tun sauran hatsi na bununi. Shi ke raba gida da yunwar tsakiyar damina. Don haka ba a kai shi rumbu, ana yanka ana ci. Laminu ne kaɗai ya riƙe shi bayan rasuwar Lalla. Yana shuka shi a ƙaramar gayauna nesa da gandu don kada ya gauraya, ya bi kafin kowa ya sa wuƙa, ya zaɓi manyan zangarku ɗaya-ɗaya, ya ɗaure dami guda ya rataye. Ita Sa'adatu ba ta taɓa ajiye iri ba. Don me, ga Laminu? Nata na bara tuni aka cinye.

"Kai ɗan wa ne?" ta tambayi Rayyanu, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo..."

"Tambayarka nake. A gidan ga anka haife ka, ko a tasha? Ka ga dami rataye shi kaɗai, an yi mishi ɗauri daban, ba ka ce wa kanka komai ba? Akuya ce ta hau rumbun?"

Rahina ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba da gangan..."

"Ke kuma kina zaune anka sussuke shi gabanki."

"Ina cikin ɗaki, Yaya, ina takaba. Kuma ni ban taɓa ganin inda yake rataye shi ba."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta ƙara mata haushi. Ta kife ƙwaryar a tabarma, ta gyara ɗaurin zane, ta ce wa Rayyanu ya wuce gaba, gidan maigari za su.

Maigari Sabi'u na zaune a rumfa da dattawa biyu-uku, ana maganar burtalin da makiyaya za su bi idan an yi shuka. Taubashin Sa'adatu ne, ɗan kawunta, tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Yana hango ta ya fara murmushi.

"Ga baiwata ta zo gaisuwa. Ina goron?"

"Ba wasa ya kawo ni ba, Sabi'u. Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa? Mijinki ya gaji ya kore ki?"

"Ƙarar wanga." Ta nuna Rayyanu da haɓa. "Ɗan ƙanena. Ya kashe mini abu."

Rayyanu ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, kansa sunkuye. Sa'adatu ba ta zauna ba. A tsaye ta zayyana komai, daga bakin zanen Lalla har zuwa dunƙulen gumbar da ta haɗiye. Dattawan duk sun san hatsin. Ɗaya ya ce Laminu ya taɓa ba shi, ya shuka kusa da nasa, shekara biyu ya ɓace cikin sauran. Wani ya ce shi nasa yara suka gasa. Babu wanda ya ajiye.

Maigari ya ce, "To, Rayyanu, ka ji. Mi ya kai ka?"

Rayyanu ya amsa, kansa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni ban san iri ne ba. Kullum lokacin da Baba ke zaɓe ina kan hanya, ko Tasawa ko Maradi. Shina cewa in zo in gani, ina cewa sai baɗi. Ranar sadaka anka ce in hau in sauko da hatsi. Na shiga rumbun, warinshi ne ko'ina, ga sawun hannunshi a jikin damma. Na duba, na ga wanda ya fi kowane kyau rataye sama. Na ce sadakar Baba ce, ba za a yi ta da na ƙasa ba."

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan Laminu. Sa'adatu ta kau da kai. Ba don ta ji tausayi ta zo ba.

"Kin ji," in ji maigari. "Yaro ya yi don girmama ubanshi. Ladan na can ya iske marigayi."

"Ladan ya iske shi, hatsin fa? Laminu ya yi shekara nawa shina bin gayauna cikin rana shina zaɓe, don a yi mishi gumba? Da ya san haka da ya ci abinshi da ranshi."

"To mi kike so a yi? Akwai irin da 'yan proje masu taimakon manoma sunka kawo meri, ofishin magajin gari, shi ma da wuri yake nuna. Rayyanu ya samo miki buhu guda, ya kai miki har gida kan moto."

"Ka shuka shi a rawaninka."

Dattawa suka kau da kai suna danne dariya. Maigari ya shafa gemu.

"Sa'a, ko gaban alƙali kika je Mayahi, ba shi da ikon tono hatsi daga cikin mutane. Ke ma kin ci. Ni ma na ci, biyu ma na ci."

"Ai ka saba cin abin da ba naka ba."

"Ina jin ki. Amma faɗi abin da za a iya biya."

Nan ta tsaya. Tun daga gida take tafe da wuta a ƙirji, ba ta tsaya ta tambayi kanta me take so a ba ta ba. A doki Rayyanu? A ƙwace moto? Ko an yi, ƙwaryarta wofi za ta koma. Abin da take so shi ne Laminu ya leƙo daga bakin rumbu ya ce, Yaya, bana kin ƙara haɗama. Wannan kuwa ba ya hannun Sabi'u. Sai haushin ya juya ya koma kan matan da suka yi aikin, don dole ya sauka kan wani.

"Su wa sunka sussuke shi? Duk garin ga ba macen da ta ga jan gemu ta ce a tsaya? A kira mini Rahina."

Aka kira Rahina, ta zo ta rakuɓe a bakin rumfa da mayafi har goshi. Ta ce matan makwabta ne da wasu baƙi 'yan gaisuwa, hankalin kowa ba ya jikinsa. A tsakar gida suka yi, ba su je masussuka ba, don ana sauri. Suna ta ƙorafi ma wai hatsin na soke musu hannu.

"Dole ya soke su," in ji Sa'adatu. "Hatsin Lalla ba a yi mishi sussukar sauri. Sai an koma mishi sau biyu, in ba haka ba rabin ƙwayar na maƙale cikin..."

Ba ta ƙarasa ba. Tun tana yarinya take zagin hatsin nan a bakin turmi saboda wannan hali nasa. Ta matso kusa da Rahina.

"Sun koma mishi sau biyu?"

"A'a, Yaya. Sau ɗaya sunka yi sunka sheƙe."

"Ƙaiƙayin fa? Kaji sunka cinye?"

"Na share shi da marece na zuba a buhu. Malam ba ya son a bar ƙaiƙayi a tsakar gida, cewa yake abincin gona ne." Malam take kiran Laminu, ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Ina buhun?"

Rahina ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska. Sai da maigari ya ce ta yi magana ba komai.

"Da na fita takaba na ɗauka na kai gona. Mu mata ba mu zuwa kushewa. Ban san inda zan je in tsaya ba. Sai na tahi gindin gawon nan inda ya zauna, na juye a wurin, na tura ƙasa na rufe don iska."

Sa'adatu ta dubi matar nan da ta daɗe tana ganin ba ta da kuzari, ta ga ashe ita ma tana da inda take kai nata. Ta juya wajen maigari.

"To ga abin da za a biya ni. Wanga ya tahi yau ya sare ƙaya ya kewaye gindin gawon. In ruwa ya sauka, duk abin da ya tsiro wurin ba mai sa mishi hauya. Shi za ya tsare shi, shi za ya cire, shi za ya dasa, har ya fid da kai. Ba yaro za ya sa ba, ba uwarshi ba. Shi."

"Gyauro, abin da ya tsiro da kanshi, za a yi wa shinge?" in ji wani dattijo. "Ai gyauro shibra yake zama, Sa'adatu."

"In ya zama shibra ku zo ku yi mini dariya, ƙofa buɗe take."

Maigari ya dubi Rayyanu. "Ka ji hukuncin baiwata. Damina ce lokacin da kabu-kabu ke ja, na sani. Za ka iya?"

"Zan iya, ranka ya daɗe."

"To na yanke haka. Ke kuma ki bar mana gari lafiya."

"Ba inda za ni. Nan zan yi damina."

"Allah ya ba mu haƙuri," in ji maigari.

Ta aika wa mijinta cewa ya sa 'ya'yansa su shuka gayaunarta da duk abin da suka samu. Ta sauka a ɗakin Lalla na dā, wanda aka mayar wurin ajiye tarkace. Rayyanu ya yi shingen ƙayar a ranar, ta je ta zagaya, ta nuna masa wurare uku da ɗan akuya zai iya kutsawa, ya sake.

Ruwan ya yi jinkiri. Aka yi ta duban gabas, aka fita roƙo, sa'an nan wata ranar kasuwar Gidan Amumune ya sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Gari ya watse gona da sungumi. Sa'adatu ba ta bi kowa ba, gindin gawo take zuwa kowace safiya ta tsuguna ta dubi ƙasa. Gawon ya fara zubar da ganye kamar yadda yake yi idan damina ta kama, rana na sauka har gindinsa. Da farko ba komai sai baƙin taki. Daga baya wurin ya yi kore cunkus kamar gashin kai, ciyawa da yaɗiya da 'yan tsirrai masu kaifin baki duk a cakuɗe.

"Wanne ne shi, Gwaggo?" in ji Rayyanu.

"In na sani da na zauna nan? Duk hatsi kamarsu ɗaya suna yara. Cire ciyawar da hannu. Da hannu na ce, ajiye hauyar nan."

Ya durƙusa yana cira. Hannunsa ya saba da kan moto, yana fizgo ciyawa ya haɗo da hatsi. Ta buge masa hannu.

"Ubanka da ƙafa ma ya fi ka iya wannan."

Da tsirran suka kai tsawon tafin hannu ta sa ya jira ranar da aka kwana da ruwa, suka tuge su suka dasa a tsohuwar gayaunar Laminu, wadda ta hana a shuka komai a ciki. Rahina na kawo musu fura da rana. Wasu dashen suka kama, wasu suka kwanta ba su tashi ba. Abokan Rayyanu na wucewa kan moto suna danna oda, suna kiransa mai gadin gyauro. Wata rana wani ya tsaya ya ce akwai masu biki da ke neman a kai su Mayahi, aikin yini guda ne. Rayyanu ya dubi gwaggonsa. Ta ci gaba da tura ƙasa a gindin dashe. Ya ce wa abokin ya nemi wani.

A wannan gayaunar ne ta fara ba shi labarin ubansa, ba da niyya ba, bakinta ne kawai ke zuba idan hannu na aiki. Yadda Laminu yana yaro ya saci tumu ya ɓoye a riga, gashin hatsin ya hana shi barci, ya tona kansa da susa. Yadda ya taɓa tafiya cin rani Najeriya ya dawo kafin wata ya cika, wai ya yi mafarki ɓera ya shiga rumbu. Yadda kowace shekara, hatsin Lalla na nuna, zai gasa zangarniyar farko, ya babbake gemun, ya naɗe a ganyen kalgo ya hau keke har El Allasan ya kai mata, ya tsaya a ƙofa ya ce, Yaya, ga na uwarki, kada ki ce na ci ni kaɗai.

"Ni bai taɓa ba ni labarin Kona ba," in ji Rayyanu.

"Ka taɓa zama? Mutum na magana kana duban waya."

Ya danne gindin dashen da ke gabansa. Can ya ce, "Da safen ranar da ya rasu ya ce in raka shi gona. Na ce ina da fasinja."

Sa'adatu ta ɗago ta dube shi. Maganar da ta zo mata baki mai zafi ce, ta kuma san in ta fita ba ta komawa. Ta mayar da ita.

"Ko ka je ba ka hana komai. Miƙo mini butar can."

Hatsi ya yi kara, ya yi ciki. Yanzu kullum sai ta bi layi tana taɓa cikin kowane da yatsa. Na farkon da ya fid da kai siriri ne, ƙanana-ƙananan zangarku masu zubar da ƙwaya tun ba su nuna ba. Shibra. Na biyu ma haka. Ta sa Rayyanu ya tuge su tun kafin su yi bununi su ɓata sauran. Wasu suka fito hatsi sosai amma ƙwal, ba gashi ko ɗaya, irin na kowa da ya biyo taki. Su ma aka tuge. Gayaunar ta yi ta raguwa, dattijon nan da ya yi maganar shibra ya biyo ta hanyar ya yi sallama, ya duba, bai ce komai ba ya wuce. Shirun nasa ya fi dariya ciwo. Ranar Sa'adatu ba ta sha furar Rahina ba.

Ƙafarta ta kumbura saboda tsugunno, ta kwana biyu ba ta fita ba. Tana zaune bakin ɗaki da safe tana shafa man kaɗe sai ga Rayyanu ya shigo, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Bai gaishe ta ba. Ya miƙo mata bayan hannunsa. Duk ya yi ja, an kakkarce shi kamar ya yi faɗa da kyanwa.

"Na bi ta layin gabas," ya ce. "Wani abu ya soke ni."

Ta kama hannun ta juya shi, ta daɗe tana dubawa.

"Kawo moton."

Tun da aka kawo kabu-kabu ƙasar ba ta taɓa yarda ta hau ba. Ranar ta hau, ta riƙe rigarsa da hannu biyu tana zaginsa a kan kowane rami. A layin gabas, can ƙarshe inda dashen ya fi wahala, gajerun kara ne tsaye, ba su kai ƙirjinta ba. Kawunansu sun fito, kowanne da jan gemu tsaye cirko-cirko, raɓa na rataye a bakin gashin. Ba su da yawa. Mutum zai iya rungume su duka da hannu ɗaya.

Sa'adatu ta kama ɗaya ta matse a tafinta da gangan har ya soke ta. Sa'an nan ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ja bakin zane ta rufe fuska. Rayyanu ya koma gefen gayauna ya ba ta baya, ya tsaya yana duban hanya har ta gama.

Daga ranar ba a bar gayaunar ita kaɗai ba. Da zangarkun suka nuna ta ba Rayyanu wuƙar ubansa, ta tsaya bayansa. Ta nuna masa yadda ake duban wadda ta cika har wuya, yadda ake murza ƙwaya a gani ko tsutsa ta shiga, wadda ake ɗauka da wadda ake bari. Ta sa ya ɗaure da kaba, ƙulli biyu. Ya yi, ta kwance, ya sake, ta kwance, har sai da ƙullin ya zauna yadda Laminu ke yi. Abin da aka samu bai kai a kira shi dami ba.

A tsakar gida ta kira Rahina ta raba shi uku.

"Wanga na rumbu. Wanga ki rataye a ɗakinki, inda idonki ke gani kullum. In wani ya zo da maganar sadaka, ko sadakata ce, ki ce mishi ya ci ƙaya."

"To, Yaya."

Rayyanu ya zaro zangarniya guda daga kason rumbu, yana juya ta a hannu. Akwai garwashi a murhu.

"Gwaggo, in gasa miki ɗaya? Kamar yadda Baba ke yi."

Ta dubi zangarniyar, ta dubi garwashin. Har ƙanshin ya zo mata hanci tun ba a gasa ba.

"Mayar da ita. Bana ba mai cin ko ƙwaya. Baɗi in ya yi, ka gasa ka kawo mini El Allasan, kuma kada ka aiko wani."

Ƙwaryar da ta zo da ita ta yi wa kasonta girma, sai ta bar ta nan kife a kan danga. Ta warware bakin zane ta ƙulle zangarkun a ciki, ta soke a ƙugu, gemun na cizonta ta cikin tufa. Rayyanu ya tada moto. Da suka zo wucewa ta rumfar maigari, Sabi'u ya ɗaga hannu.

"Baiwata, an biya ki, ko za ki ɗaukaka ƙara?"

"An fara," ta ce, ta dafa kafaɗar Rayyanu. "Kai kuma bi a hankali, iri ka ɗauko."